Tsofaffin Matuƙa Jirgi da Yaran da Ke Bayan Shinge

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Ashige da Adogi da Assakio, da na cikin garin Lafiya, da wanda ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana aikin gona, da direban da ke kan hanyar Shendam yana jin mu a mota.

Sharhinmu na yau a kan jirgin sama ne, amma ba manyan jiragen da ke kwasar alhazai zuwa Jidda ba. Ƙananan nake nufi, masu farfela ɗaya a hanci, masu cin mutum biyu ko huɗu, waɗanda mai abu ke tuƙa abinsa da hannunsa. Na san akwai wanda zai ce, haba Malam, muna fama da tsadar taki da kuɗin makarantar yara, kai kuma ka zo mana da zancen jirgi? Yana da gaskiyarsa, kuma zan zo kan tambayarsa kafin mu rabu. A dai ba ni aron hankali.

A jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira Oshkosh. Mutanensa ba su kai 70,000 ba. Amma duk shekara, a ƙarshen watan Yuli, jirage fiye da 10,000 kan sauka a filin jirgin garin da filayen da ke kusa da shi cikin mako guda, masu shiga kallo kuma su haura 600,000. A wannan mako babu hasumiyar kula da jirage a duk duniya da ta kai ta Oshkosh yawan aiki. Masu jiragen nan kuwa akasarinsu ba attajirai ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai manomi, akwai makanike, akwai tsohon soja.

Yadda suke sauka ma abin kallo ne. Tun daga nesa jiragen ke jeruwa, wannan na bin wancan, suna bin layin dogo daga wani gari mai suna Ripon, kowa da gudu iri ɗaya, tsakanin jirgi da jirgi kamar rabin mil. A wani ƙauye da ake kira Fisk, ma'aikata na zaune a ƙasa riƙe da madubin hangen nesa. Ba sa kiran jirgi da lambarsa, don babu lokacin haka. Da launi da siffa suke kira: kai mai ja da fari, mai fiffike a sama, kaɗa fikafikanka. Matuƙin ba zai amsa ta rediyo ba, sai ya karkata jirgin dama, ya karkata shi hagu, alamar ya ji. Nan za a faɗa masa titin da zai nufa. A kan titin an zana manyan ɗigo masu launi, kore da fari da ruwan lemo, a ce wa wannan ya sauka a kan kore, wancan a kan ruwan lemo, har jirage biyu su taɓa ƙasa a titi ɗaya kusan lokaci guda. Da mutum ya sauka sai ya gangara cikin ciyawa, ya kashe inji, ya kafa turaku ya ɗaure jirginsa da igiya saboda iska, sannan ya kafa tanti a ƙarƙashin fiffike. Nan ne masaukinsa har a tashi taro.

Abin daga ƙarami ya faro. A 1953 wani matuƙin soja, Paul Poberezny, ya tara abokansa masu sha'awar haɗa jirgi da hannunsu a birnin Milwaukee, suka kafa ƙungiyar da ake kira EAA. Ofishinta na farko wani ɗaki ne a ƙarƙashin gidansa. Taronsu na farko a wannan shekara jirage 20 da 'yan kai ne suka halarta. Sai a 1970 aka mayar da taron Oshkosh, kuma har yau dubban 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, masu jera jirage, masu shara, masu dafa abinci, babu mai biyansu ko sisi.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina ƙananan tarukan ne, waɗanda ko jarida ba ta bugawa. A Amurka akwai filayen jirgi wajen 5,000 da kowa ke da izinin sauka, mafi yawansu jirgin fasinja ba ya zuwa, wasu ma titinsu ciyawa ce zalla. Idan sanyi ya wuce, kusan kowace Asabar ko Lahadi wani ƙaramin fili na da nasa zaman. 'Yan ƙungiyar garin su share rumfar jirgi, su jera tebura, su soya wainar fulawa da ƙwai, su dafa gahawa. Matuƙa su taso daga garuruwan kusa, tafiyar rabin sa'a ko sa'a guda, su sauka, su karya kumallo, su zagaya suna duba jiragen juna, kafin azahar kowa ya kama hanyar gida. Kuɗin man da mutum zai ƙona ya ninka kuɗin abincin sau da yawa, kuma kowa ya san haka. Zumunci ne ya kawo su.

A irin wannan zama ne ƙarami ke ɗaukar ilimi a wurin babba. Dattijo zai tashi tafiya, sai ya yafito yaron da ke tsaye yana kallo, ya zagaya jirgin da shi. Ya durƙusa a ƙarƙashin fiffike, ya tsiyayi mai kaɗan a wani ɗan kofi garau, ya ɗaga shi sama. Man waɗannan jirage shuɗi-shuɗi ne, in da ruwa a ciki zai kwanta a gindin kofin, a gan shi a fili. Ya ce wa yaron, ka ga wannan ɗigon, in ya kai ga inji kana sama, inji zai iya ɗaukewa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba. Ya shafa bakin farfela da tafin hannu yana laluben tsaga. Ya leƙa hancin jirgin ko tsuntsu ya yi sheƙa a kan inji cikin dare. Duk wannan yana cikin littafi. Amma yaron da ya ga mutumin da ya shekara arba'in yana tashi, kuma har yau bai taɓa tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba zai manta ba har abada.

To, damuwar da ta addabe su yanzu ita ce, duk wanda ya shiga irin wannan rumfa ya ɗaga ido, furfura zai gani. A 1980 masu lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai a Amurka sun haura 350,000. Zuwa 2020 sun koma wajen 160,000, alhali jama'ar ƙasar sun ƙaru da fiye da miliyan 100 a tsakanin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya horar da dubun dubatar matuƙa, bayan yaƙin kuma gwamnati ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, har da na koyon tuƙin jirgi. Su da 'ya'yansu ne suka cika filayen nan a shekarun 1960 da 1970. A 1978 kaɗai kamfanonin Amurka sun fitar da ƙananan jirage fiye da 17,000. Daga nan sai tsadar mai, sai tsadar inshora, sai ƙararrakin neman diyya da suka yi wa masu ƙera jirage katutu. Kamfanin Cessna, wanda ya fi kowa ƙera irin waɗannan jirage, ya dakatar da yin masu ƙaramin inji a 1986, ya shekara goma bai koma ba. A farkon shekarun 1990 abin da ake fitarwa a shekara ya gaza 1,000. Sai da majalisarsu ta yi doka a 1994, ta ce ba a kai ƙarar mai ƙera jirgi bayan shekara 18 da sayarwa, sannan aka ɗan farfaɗo. Yau sabuwar Cessna 172 mai kujera huɗu ta haura dala 400,000, shi ya sa yawancinsu jiragen shekarun 1970 suke ta lallaɓawa. Jirgin ya tsufa, mai shi ya tsufa, makaniken da ya san sirrinsa shi ma ya tsufa.

Akwai kuma shinge. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an ƙara tsaurara tsaro, filaye da yawa suka sami waya da ƙofa mai kulle. Yaron da a da zai zo da kekensa ya jingine a bakin rumfa, ya taya wanke jirgi a ba shi ɗan yawo a sama, yanzu daga nesa zai tsaya. Matasa na shiga makarantun tuƙi da yawa, amma galibinsu aikin kamfanin jirage suka nufa. Da sun cika sa'o'insu sai su wuce, ba a sake ganinsu a rumfar Asabar.

Matuƙin jirgin fasinja dole ya sauka daga kujera idan ya cika shekara 65. Na ƙashin kai ba shi da wannan iyaka muddin lafiyarsa ta yarda. Har ƙungiya suke da ita tun 1982 wadda ba ta karɓar kowa sai wanda ya tuƙa jirgi bayan ya cika shekara 80. A 2017 ma an sassauta musu ƙa'idar gwajin likita. Duk da haka ranar tana zuwa da likita zai girgiza kai, ko mutum da kansa ya lura idonsa ba ya tsinkayar titi kamar da. Sai ya sayar da jirgin da ya shekara talatin yana gogewa. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, da yawansu ba sa daina zuwa taron. Da mota suke zuwa, su tsaya a gaban kasko suna suya, ko su zauna a gefen titi suna kallon saukar na baya, suna ba da shawara ga mai so.

Da suka ga inda abin ya dosa, sai suka yi dabara. A 1992 ƙungiyar EAA ta fara wani shiri na ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 a jirgi kyauta. Matuƙin ne ke sayen mai daga aljihunsa, ya zagaya da yaro na ɗan lokaci, ya nuna masa garinsu daga sama. Zuwa 2016 sun ɗauki yara miliyan 2. Ba duka ne suka zama matuƙa ba, kuma shirin bai mayar da adadinsu yadda yake a 1980 ba. Amma a ganina wannan shi ne abu mafi hikima da suka yi, domin sun gane cewa ba a gadon sana'ar da yaro bai taɓa taɓawa da hannunsa ba.

Mu dawo gida. Jirgin sama ba baƙo ba ne a Arewa. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka ratso Sudan da Chadi. Babu filin jirgi a lokacin, a filin dawaki suka sauka, kuma kowannensu inji ɗaya ne da kujera biyu. A 1936 jiragen wasiƙu da fasinja suka fara zuwa Kano daga Khartum. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya, wadda ta yaye matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan hasumiya na Najeriya da na wasu ƙasashen Afirka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Kaduna an taɓa harhaɗa ƙananan jirage 60 da ake kira Air Beetle, waɗanda sojan saman Najeriya suka yi shekaru suna koya wa sababbin matuƙa tashi da su. Asalin zanen jirgin na wani Ba'amurke ne, Richard VanGrunsven na jihar Oregon, wanda ya tsara shi don mutum ya saya gunduwa-gunduwa ya haɗa a garejin gidansa. 'Yan'uwan wannan jirgi ne ke cika layi-layi a Oshkosh duk shekara. Wato hannayen 'yan Najeriya sun riga sun yi irin aikin da waɗancan ke taruwa suna alfahari da shi. Ina masu hannayen nan yau? Wa ya gaje su?

'Yan mishan na SIM su ma sun daɗe suna zirga-zirga da ƙananan jirage daga Jos zuwa asibitoci da makarantunsu na karkara, daga baya irin wannan aiki ya ci gaba daga Yamai zuwa asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Sai manyan kamfanoni: Nigeria Airways da aka kafa a 1958, Kabo Air na Kano a 1980, Chanchangi na Kaduna a 1994.

Mutanen da suka tuƙa waɗannan jirage, da waɗanda suka kwana suna kwance injinansu suna ɗaurawa, da yawansu suna nan da rai a Kaduna da Kano da Zariya da Jos da Abuja. Su ne dattawanmu na sama. Akwai wanda ya yi shekaru yana kai alhazai, akwai wanda ya san yadda ake sauka Kano cikin ƙurar hunturu tun kafin a sami na'urorin yau. Da aka rufe Nigeria Airways a 2003 ma'aikatansa sun shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu, wasu sun rasu ba su karɓa ba. Dattijon Amurka in ya bar aiki yana da ƙaramin jirgi, ko aƙalla yana da rumfar da zai je ranar Asabar. Namu ranar da ya ajiye hula, ranar ya rabu da sama. Littafin sa'o'in tashinsa na cikin akwati, kuma in ba a wurin ɗaurin aure ko jana'izar abokin aiki ba, ba shi da inda zai haɗu da 'yan'uwansa.

A ɗaya gefen ga matasa. Iyaye sun sayar da fili ko gida, ko gwamnatin jiha ta ɗauki nauyi, yaro ya je Zariya ko Ilorin ko Afirka ta Kudu, ya dawo da lasisin kasuwanci da sa'o'in tashi wajen 200. Kamfani ya ce masa sai yana da takardar ƙwarewa a kan irin babban jirgin da suke amfani da shi, wadda kuɗinta da dala ne, kuma sai yana da ƙarin sa'o'i. A ina zai same su? A Amurka matashi kan tara sa'o'insa a ƙananan jirage, yana koyar da wasu, yana kai kaya ƙauyuka, yana ɗaukar masu safiyo. A nan wannan matakala ce babu. Mu in an ce jirgin ƙashin kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne jirgin attajiri mai matuƙin haya. Tsakanin wannan da jirgin fasinja kusan babu komai.

Duk wanda ya san tashar mota ya san yadda ake yin direba. Yaron mota da wanki yake farawa, da ɗaure kaya, da duba ruwa da baƙin mai da asuba. Wata rana uban gidansa ya ce tayar da ita ta yi zafi. Wata rana ya ce gyara mata tsayuwa. Kafin a ba shi sitiyari a kan babbar hanya ya shekara yana jin hirar tsofaffin direbobi a kan benci, ya san kwanar da ke cin mota, ya san ƙarar da inji ke yi in zai ba da matsala. Tasha ce makarantar, bencin nan kuma shi ne ajin. Harkar jirgin sama a ƙasar nan tana da dattawa, tana da yara, tana da manyan gine-gine, amma ba ta da benci.

Yara kuwa sha'awarsu ba ta da iyaka. Ku dubi yaran Ashige bayan an girbe dawa. Su ɓare kara, su fitar da totuwa, su tsaga ɓawon siri-siri su soke, kafin ka ankara ga jirgi da fikafikansa da wutsiyarsa, har da farfelar da ke juyawa in an ruga da shi. Babu wanda ya koya musu inda fiffike ke zama, daga nesa suka hango. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ba da labarin wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda da tarkacen ƙarafa. A Amurka irin wannan matashi reshen ƙungiya zai nufa, inda ake da gogaggun dattawa 'yan sa kai da aikinsu shi ne zuwa garejin mai haɗa jirgi, su duba masa walda da ƙusoshi, su ce nan ka yi daidai, nan kuma kwance ka sake, don kada ka hallaka kanka. Namu shi kaɗai ya yi ta fama a bayan gida.

Ba na raina cikas ɗin da ke akwai. Man ƙananan jirage masu fistan daban yake da kananzir ɗin manyan jirage, shigo da shi ake yi, yana da tsada kuma ba kowane fili ake samunsa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa makarantar Zariya ta koma sayen jirage samfurin Diamond masu shan kananzir. Kayan gyara duk da dala ake saye. Sannan ga tsaro. A watan Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin jihar Zamfara saboda 'yan bindiga da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Jami'in da aka damƙa wa filin jirgi a irin wannan zamani in ya rufe ƙofa, ba mugunta ya yi ba. Shi ya sa ba na mafarkin a wayi gari malamin makaranta a Lafiya yana da jirginsa a rumfa. Wannan da sauran tafiya.

Yanzu ga amsar mai tambayar nan ta farko. Ɗan'uwa, ƙaramin jirgi ba abin wasan masu kuɗi ba ne kawai. Idan tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin shinkafa da gero a Kebbi ko Jigawa ko Yobe, da ƙaramin jirgi ake yi musu feshi, kuma matuƙin da zai iya wannan aiki, ya bi ƙasa-ƙasa da magariba, ba a babban jirgi ake yinsa ba. Likitan da ke tashi daga Yamai ya sauka Galmi, tafiyar da mota za ta ci masa yini, ƙaramin jirgi ne ke kai shi. A jihar Kaduna tun 2022 ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline ke kai magunguna da allurar rigakafi asibitocin karkara, kuma mutane ne ke harba su, mutane ke gyara su. Bayan kowane jirgi akwai injiniya, akwai mai hasashen yanayi, akwai ma'aikacin hasumiya, akwai mai kashe gobara. Ana koyar da yawancin waɗannan a Zariya. Ɗanka ko 'yarka da ke ajin ƙarshe na sakandare, ta ina za su san akwai waɗannan ayyuka in ba su taɓa tsayawa kusa da jirgi ba? 'Ya'yan manya sun sani, don suna shiga. Wanda shingen ya fi tarewa shi ne ɗan manomi.

Ga shi kuwa Allah Ya kawo mana fili har gida. Filin jirgin Lafiya da ke Kwandere, wanda aka fara ginawa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Fabrairu 2022 zamanin Gwamna Abdullahi Sule. Kuɗin jama'a ne suka gina shi, kuma jiragen da ke sauka a cikinsa ba su da yawa. Roƙona rana ɗaya ce a shekara. A zaɓi watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta riga ta rufe sama ba, domin mai ƙaramin jirgi da ido yake tafiya. A gayyaci makarantar Zariya ta turo jiragen koyo guda biyu. Tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba, kuma dama wajibi ne ɗalibanta su yi doguwar tafiya daga wannan gari zuwa wancan kafin a ba su lasisi, don haka man da za a ƙona ba asara ba ne. A gayyaci sojan sama. A kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, a jera kujeru ga tsofaffin matuƙa da injiniyoyi, a biya musu kuɗin mota, a karrama su yadda ake karrama dattijo. Sannan a kawo yara daga makarantun Ashige da Adogi da Assakio da Kwandere, maza da mata, kowace makaranta da malaminta da jerin sunayen ɗalibanta. Jami'an tsaro sun san wanda ya shiga, sun san wanda ya fita.

A shekarar farko ko ba a tashi da yaro ko ɗaya ba, ba laifi. Ya isa a ce yarinya ta hau ta zauna a kujerar matuƙi inji a kashe, ta riƙe sanda ta motsa, ta waiwaya ta ga gefen fiffike na amsawa. In za a ɗauki yara sama, to sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, sai da inshora, sai da sa hannun iyaye, kuma malamin tuƙi mai lasisi ne zai riƙe jirgin. A ja igiya tsakanin jama'a da inda jirage ke motsi, domin farfela in tana juyawa ido ba ya ganinta. Wannan ba wurin sakaci ba ne, kuma dattawan da nake magana a kansu sun fi kowa sanin haka. Su ya kamata a ba tsarin wurin.

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne shekarunsu. Wanda ya shiga makarantar Zariya a shekarun 1970 yau ya haura 65, wasu sun doshi 80. Shugabannin makarantu su rubuta wa ma'aikatar ilimi ta jiha, masu unguwanni su kai maganar fada, 'yan majalisarmu su ɗauka. Mu ma a nan za mu yi namu. Duk wanda ke da tsohon matuƙi, ko injiniyan jirgi, ko tsohon ma'aikacin hasumiya a danginsa ko a unguwarsu, a Lafiya yake ko Keffi ko Akwanga ko Doma, ya aiko mana da saƙo nan tasha. Za mu nemi izininsa, mu je har gida da na'urar ɗaukar murya, ya buɗe mana littafin sa'o'insa, mu sa hirar a wannan fili yara su ji daga bakinsa.